Neman shawara kan saƙar da yayata ta bari

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu saƙa. Tun bayan rasuwar yayata a nan Garwa, saƙa wa ƙawayena hulunan jarirai ce take ɗebe mini kewa. A cikin kayanta na tarar da mayafin jariri da ta fara yi wa aminiyarta, ta kai rabi. Na ɗora daga inda ta tsaya, da zaren ulunta da kwarashinta mai milimita 3, amma hannuna ya fi nata matsewa, sai wajena yake tsukewa, gefen yana nannaɗewa. Sau uku ina warware nawa. Nata kam ba zan iya taɓawa ba. Shin kwarashi mai milimita 4 zai daidaita shi? Aminiyar ta kusa haihuwa, ina so in kai mata ranar suna.