Sarƙar Sarkin Patiala

Ɗan Maƙera:
Da sunan Allah zan fara, ku matso ku ji zancen dukiya,
Bhupinder Singh na Patiala, sarki ne can ƙasar Indiya,
Ya kai duwatsunsa Faris, ya ce kamfanin kayan ado na Cartier ya ƙera abin wuya,
A 1928 aka gama, sarƙa biyar sun jeru kamar igiya,
Daimon 2,930, daga maƙogwaro har kusa da cibiya,
Na tsakiya ruwan ɗorawa, nauyin karat 234 da 'yar ɗoriya.

Hajiya Mai Adashi:
Malam, namiji da sarƙa? Wannan kam ban taɓa ji ba,
Mu ake wa gorin son gwal, ko rabin rabinsa ba mu sa ba,
Tawa giram goma ce tak, kwasar adashi uku ba ta biya ba,
Wuyan da ya ɗau wannan lodi, anya bai nemi man zafi ba?

Ɗan Maƙera:
Hajiya, can adon sarakai ne, na zaman fada da hawan giwa,
Talaka ya hango walƙiya ya rusuna, amfanin ke nan na sawa.

Baba Tsoho:
Yara, kun yabi mai sawa, kun manta da mai shiga rami,
A Kimberley ta Afirka ta Kudu aka tono dutsen tsakiyar, 1888, da jini da gumi,
Baƙaƙen leburori a killace, ana caje su har cikin baki,
Dutse ya ci sunan mahaƙar De Beers, lebura ko suna bai bari.

Hajiya Mai Adashi:
Allah ya ja kwana Baba, wannan ta taɓa min zuciya,
Malam, ina sarƙar take yau? Ka faɗa mana tsakani da gaskiya.

Ɗan Maƙera:
Wajen 1948 aka duba taskar gidan sarki, babu ita,
Babban dutsen ya ɓulla gwanjon birnin Janeba a 1982, an raba shi da ita,
A 1998, shagon tsofaffin kaya a Landan, mutumin Cartier ya gan ta,
Ƙwarangwal ce kawai, manyan duwatsu an ɓamɓare daga jikinta,
Suka saya, suka cike gurabe da na kwaikwayo, suke yawon nuna ta.

Hajiya Mai Adashi:
Ashe har Cartier na liƙa kwaikwayo, jama'a na layi suna kallo!
To ranar biki zan sa 'yar Dubai ta jabu, kar wadda ta yi min gwalo.