Don wa Almasihu ya mutu? Shawarwarin da zamanmu na Bur Sudan ya fitar

Mu 'yan tsirarun Kiristoci masu jin Hausa a Bur Sudan mun zauna kan tambayar da ta daɗe tana raba ikkilisiyoyi: mutuwar Yesu fansa ce ga kowa, ko ga zaɓaɓɓu kaɗai, wato waɗanda Allah ya zaɓa domin ceto?

Dattijonmu ya ce, "'Ya'yana, ku fara sanin tarihin gardamar." Mabiyan Arminiyus, wani malamin tauhidi na ƙasar Holan, sun rubuta ƙorafinsu a 1610, suna cewa Yesu ya mutu domin kowa, amma mai ba da gaskiya ne ke cin moriya. Majalisar ikkilisiya ta Dort a Holan, 1618 zuwa 1619, ta ce an nufi ceton ga zaɓaɓɓu ne. Amma ita ma ta yarda cewa darajar mutuwarsa ta ishi duniya duka, kuma a yi wa kowa bishara ba tare da bambanci ba. Wannan ya sanyaya mini zuciya ƙwarai, domin masu gardama da yawa ba sa ambatonsa.

An ce kada a riƙe aya guda a yi watsi da sauran. Mai kafa hujja da Yohanna 10:15, inda makiyayi ke ba da ransa domin tumaki, ya karanta 1 Yohanna 2:2 da 1 Timoti 2:6 ma, inda aka ce fansar domin kowa ce.

Wata 'yar'uwa ta roƙa kada a kai muhawarar gaban wanda yaƙi ya raba da gidansa a Khartum, yana tambaya ko Allah ya yashe shi. A yi masa addu'a, a kira shi ga Almasihu. Kowa ya amince.