Biskit mai yaji na taron ƙawaye: me ya sa ba ya ƙaras-ƙaras?

'Yar Mokoyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son biskit mai gishiri da yaji wanda za a ci da shayi ran zubin adashe, ba cincin mai sukari ba. Nawa gefensa yana ƙonewa, tsakiya kuma taushi. Ina kuskuren?

Mai gato: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kauri ne matsalarki. Ga awo: fulawa giram 250, man gyaɗa cokali 4, gishiri ƙaramin cokali 1, lebir na gato (wato baking powder) rabin ƙaramin cokali, ruwa kamar rabin kofi, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Kwaɓin ya yi tauri, kada ki murza shi da yawa irin na burodi, in ba haka ba zai yi danƙo. Ki rufe shi minti 20, sannan ki murza da kwalba har kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, ko'ina daidai. Ki tsattsaga da cokali mai yatsu don kada ya kumbura, ki yanka ƙanana. Ki gasa a fur (wato oven) digiri 180, minti 12 zuwa 15. Na gefen faranti su ke fara nuna, ki kwashe su ki mayar da sauran.

Hajiya ta Zariya: Ƙari a kan yaji. Garin tafarnuwa, citta busasshiya, masoro da barkono a cikin kwaɓin ake sa su, don in an barbaɗa a sama suna ƙonewa su yi ɗaci. Ɗanyar albasa ko tafarnuwa kuwa ruwa take saki, shi ya sa bai bushewa. Yajin ƙuli-ƙuli sai bayan an sauke, da ɗuminsa. Riɗi kam a sama ya fi daɗi, ki shafa ruwa kaɗan ya kama. In kin sa Maggi, rage gishiri rabi.

Mai gato: Haka ne, Hajiya. In babu fur, tukunya da yashi a ƙasa ta isa, wuta kaɗan, a juya su sau ɗaya.

Hajiya ta Zariya: Kuma kada ki ƙulle a leda sai ya huce sarai, tururi ne ke mayar da shi taushi. Da hunturu yana sati a roba mai murfi. Da damina ki ɗumama shi minti 5 kafin baƙi su iso.