Sikanata tana tsallake kira a tsarin P25, ina mafita?

Ɗan Zazzau a Ohayo:
Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Kolambas na jihar Ohayo a Amurka, ina sauraron 'yan kwana-kwana a tsarin MARCS (tsarin rediyon hukumomin jihar, mai aiki da fasahar dijital ta P25) da sikana ta hannu, wato rediyon da ke bin mitoci domin sauraro. Sau da yawa sai in ji amsa ba tare da na ji kiran farko ba, wani lokaci kuma murya ta kakkarye alhali alamar sigina a cike take. Shin sayen babbar eriya zai magance wannan?

Mai Eriya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar kashe kuɗi. A irin wannan tsari, tasha ɗaya ce ke sanar da mitar da aka ba kowane rukunin masu magana, kuma duk lokacin da sikana ta bar wannan tasha domin leƙa wasu, sanarwar da aka yi a bayanta ta wuce ke nan. Ka cire tsare-tsare da hasumiyoyin da ba ka bukata, ka bar wadda ta shafi unguwarku, sannan ka kashe Close Call (saitin da ke neman sigina mai ƙarfi ta kusa) da binciken gargaɗin yanayi, domin dukansu suna katse sauraro.

Injiniya Bakano:
Shawarar Mai Eriya ta yi daidai, amma kakkaryewar murya tare da cikakkiyar sigina tana nuna wata matsala dabam. A manyan birane, hasumiyoyi da dama suna watsa saƙo ɗaya a mita ɗaya a lokaci guda, kuma da yake nisansu da gidanka ya bambanta, saƙonnin ba sa isowa tare, sai su cakuɗe har na'urar ta kasa warware su. Babbar eriya mai kamo kowace kusurwa ƙara dagula lamarin za ta yi. Ka gwada rage ƙarfin sigina daga saitin na'urar, ko ka samu eriyar Yagi (mai kamo sigina daga kusurwa ɗaya) ta megahaz 700 zuwa 800 ka fuskantar da ita ga hasumiya ɗaya tak. Idan hakan bai wadatar ba, sikanar SDS100 da kamfanin Uniden ya fitar a 2018 an ƙera ta ne da wannan matsala a rai, kuma RTL-SDR (ƙaramar na'urar rediyo da ake jonawa a kwamfuta) tare da manhajar SDRTrunk a kwamfuta hanya ce mai rahusa.

Ɗan Zazzau a Ohayo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rage jerin da sikanar ke bi zuwa wuri ɗaya, kuma kiran farko ya fara shigowa. Yagin ce ta rage, sai na tantance hasumiyar da ta fi kusa da mu.