Masu karɓar maganin testosteron: allura, jel ko ƙwaya, me kuka gani a jikinku?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum jama'a. Tun bayan tiyatar da aka yi mini a fituwitari, wannan 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, jikina ya daina samar da testosteron, wato sinadarin mazakuta, yadda ya kamata. Da farko allurar testosteron nau'in enantet ake yi mini, daga baya likita ya mayar da ni kan jel na shafawa. A takardar gwajin jini lambobin kusan ɗaya ne, amma jikina bai yarda ba. Da allura na fi jin ƙarfi, da jel na fi samun barci da natsuwa. Sai na ji ana cewa a cikin wasu magungunan ƙwayoyin testosteron kan manne biyu-biyu su zama tagwaye, wai shi ya sa wani nau'in ya fi wani aiki. Waɗanda suka gwada fiye da nau'i ɗaya, don Allah ku faɗi abin da kuka gani da kanku.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam ɗana. Ni ban san tagwaye ba, amma na san hawa da sauka. Allurar testosteron nau'in sifiyonet miligiram 200 ake ba ni duk bayan mako biyu. Kwanakin farko sai ka ga kamar an cika wa mota tanki an sake ta a gangare, kafin lokacin allura ta gaba kuwa sai turi. Gajiya, saurin fushi, ko gaisuwa ba na son amsawa. Iyalina sun riga ni gane cewa ranar allura ta kusa. Da na yi wa likita bayani, bai sauya maganin ba, rabawa kawai ya yi: miligiram 100 duk mako. Kwalba ɗaya ce, kamfani ɗaya, amma ni na zama wani mutum. To in da tagwaye ne matsalar, ai da raba allurar bai gyara komai ba.

Mai Harhaɗa Magani: Kawu ya riga ya faɗi rabin amsar. Ni aikina kenan, kuma ni ma ina kan maganin saboda lalurar Klinefelter, wato an haife ni da ƙarin kuromozom X.

Testosteron dai sinadari ɗaya ne tak. Tun 1935 aka tace shi a Amsterdam, a shekarar kuma Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma tun lokacin ba a sami wani iri na biyu ba. Damuwar ita ce in ka zuba shi tsagwaronsa a jini, hanta kan gama da shi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ake ɗaura masa wutsiya ta kitse, wadda ake kira esta, a narka shi cikin mai, a zuba a tsoka. Daga nan yake tsiyaya a hankali, jiki ya yanke wutsiyar, abin da ya rage shi ne testosteron ɗin da kowa ya sani. Tsawon wutsiya shi ne tsawon jira. Furofiyonet gajeriya ce, sai an maimaita duk kwana biyu ko uku. Enantet da sifiyonet mako ɗaya zuwa biyu. Andekanowet kuwa, irin na Nebido, miligiram 1000 ne duk mako 10 zuwa 14.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, wutsiyar tana da nauyi. A cikin miligiram 100 na sifiyonet, ainihin testosteron wajen 70 ne. Na furofiyonet ya haura 80. Na andekanowet kuwa wajen 63. Don haka in an sauya maka esta aka bar lambar yadda take, abin da ke shiga jininka ya sauya.

Batun tagwaye kuma, akwai su, amma ba inda ake nuna su ba. Masu bincike a Kanada sun haɗa tagwayen testosteron da gangan a ɗakin gwaji, suka gwada su a kan ƙwayoyin kansar furostet, wato ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, don neman maganin da zai hana su yaɗuwa. Wannan sabon sinadari ne da aka ƙera, sai an ɗaure ƙwayoyin biyu da gada ta musamman. Ba abu ne da ke cikin kwalbarka ba. A cikin jiki kuma abubuwan da ke tafiya biyu-biyu su ne furotin ɗin da ke ɗauke da shi a jini, SHBG, da kuma makarɓarsa a cikin ƙwayar halitta, wadda kan haɗu da 'yar'uwarta kafin ta fara aiki. Su biyun ba ruwansu da ko ta allura ya shigo ko ta fata. Ina zaton daga nan maganar ta samo asali, aka cakuɗa ta.

Ɗan Ƙasar Sanyi: Malam, to ni da idona na ga wani abu. Lokacin hunturu na ɗauko kwalbar sifiyonet na tarar da wasu 'yan tsinke-tsinke farare kwance a gindinta. Nan take na ce ga tagwayen nan da ake faɗa. Na kira wurin da aka ba ni maganin, suka ce in riƙe ta a tafin hannu ko in sa a ruwan ɗumi in girgiza a hankali. Haka na yi, ta koma garau.

Mai Harhaɗa Magani: Ƙanƙara ce ta maganin, ɗan'uwa. Sifiyonet an cika shi sosai a cikin man, da sanyi ya yi yawa sai ya fito ya daskare, da ɗumi ya koma. Takardar cikin kwalin ma ta faɗi haka. Da mannewa ce ta haƙiƙa, ɗumin hannu ba zai raba su ba. Amma in ka zuƙi maganin ƙanƙarar na kwance, abin da ka samu bai kai ƙima ba. Kada a sa shi a firji.

Uwar Yara: Ni ba ni ke sha ba, maigida ne, amma ni ma ina da abin faɗa a kan jel. Shi ya ji daɗinsa ƙwarai, babu wannan hawa da saukar da Kawu ya kwatanta, tunda kullum da safe yake shafawa. Wahalar tamu ce. Likita ya ja mana kunne cewa in yaro ya taɓa wurin da aka shafa, maganin na iya shiga jikinsa, har ya fara nuna alamun balaga kafin lokaci. Ashe ba tsoratarwa ba ce, hukumar magunguna ta Amurka tun 2009 ta sa a rubuta gargaɗin a jikin kwali. Auta kuma ba ta da wurin kwanciya sai kafaɗar babanta. Sai ya zama dole ya wanke hannu, ya jira ya bushe, ya sa riga, tawul ɗinsa daban. Wata rana a manta, hankalina ya tashi. A ƙarshe ni na roƙe shi ya koma allura har yaran su ƙara girma. Masu ƙananan yara ku sa wannan a lissafi kafin ku zaɓa.

Malamin Lissafi: Hajiya ta yi gaskiya. Ni akasin haka ta faru da ni, daga allura aka kore ni zuwa jel. Ciwon kai, fuska ta yi ja, da aka auna kaurin jini, hematokirit, ya wuce kashi 54, wanda shi ne iyakar da likitoci ke dakatar da magani. Aka ɗebi jini, aka tsayar da allurar na wani lokaci. Likitana ya ce allura ta fi jel kawo wannan matsalar saboda tsallen da maganin ke yi a kwanakin farko. A kan jel jinin ya daidaita, sai dai gashin kaina ya fara gudu. Da na yi ƙorafi aka nuna mini cewa fata cike take da sinadarin da ke mayar da testosteron zuwa DHT, wato sinadarin da ke jawo zubar gashin kai, shi ya sa masu shafawa DHT ɗinsu kan fi hawa. Kuma wajen kashi 10 ne kawai na abin da ka shafa ke shiga jini, wasu fatarsu ma ba ta karɓar haka.

Mai Neman Sani, a wace rana ake ɗibar jininka lokacin da kake kan allura? Domin lamba ɗaya a takarda ba ta nuna komai in ba a san lokacin ba. Wanda aka auna ana gobe allura, ƙasan ramin aka auna, kwana biyu bayan allura kuwa yana iya ninka haka. Mai jel lambarsa kusan ita ce ta kullum. Kana iya ganin 500 a nan, 500 a can, alhali jikinka rayuwa biyu ya yi.

Mai Neman Sani: Ana gab da allura ta gaba ake aunawa, Malam. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Ango: Yayyena, ku bar ni in sako wadda ba a tambaya ba. Ko wane iri ne, in kana neman haihuwa ka faɗa wa likita tun ranar farko. Da testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa kan daina aika saƙon LH da FSH, wato sinadaran da ke sa maraina su yi aiki, maniyyi ya ragu, wasu har ya ƙare. Ni a kan jel hakan ta same ni, don kada wani ya ce shafawa ce kawai. An dakatar da shi aka sa ni kan allurar hCG, wadda ke farfaɗo da aikin maraina, kuma sai da aka ɗauki watanni kafin gwaji ya fara kyau.

Dattijo: Allah ya kawo masu albarka, Ango. Ni andekanowet na zaɓa saboda ba na son yawan sara. Sau huɗu ko biyar a shekara, shi kenan, kuma ban san hawa da sauka ba sai a makon ƙarshe. Amma allurar babba ce, mililita 4 na man zurma mai kauri, dole a tura ta a hankali. Akwai ranar da ana gamawa tari ya turnuƙe ni, ƙirji ya ɗaure, zufa ta karyo. Ma'aikaciyar jinya ta ce ɗigon mai ne ya bi jijiya ya kai huhu, abu ne sananne, ta zaunar da ni har ya wuce. A Amurka ma doka ce mutum ya zauna minti 30 bayan irin wannan allurar. Tun daga ranar ba na gaggawar tashi. Na ɗan gwada na haɗiya, shi ma andekanowet ne, amma sai da abinci mai maiƙo yake shiga jini sosai, ga shi ya ɗaga mini hawan jini, ni kuwa dama ina fama da shi.

Mai Gardama: Na karanta duka, kuma Malam Mai Harhaɗa Magani na yarda da bayaninka, amma akwai saura. Kowa na cewa enantet da sifiyonet Hassan da Hussaini ne, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Ni kuwa enantet kumbura mini cinya yake, ƙaiƙayi har kwana da kwanaki, sifiyonet kuma ko alama. Adadi ɗaya, rana ɗaya, cinya ɗaya.

Mai Harhaɗa Magani: Duba jikin kwalbar, Yaya, ka karanta man da aka narka shi a ciki. Enantet galibi a man riɗi ko man zurma yake zuwa, sifiyonet a man angurya, Sustanon kuma, wata allurar testosteron, a man gyaɗa, shi ya sa ake hana shi ga masu borin gyaɗa. Ga kuma sinadaran da ake ƙarawa don narkarwa da hana lalacewa. Jikinka na iya ƙin man, ba maganin ba.

Mai Gardama: Na duba, man riɗi ne. Zan kai wa likita kwalbar ya gani, in akwai enantet a wani man sai a gwada mini. In cinyar ta sake kumbura, Malam, zan dawo maka.