Jif mai jan ƙafa huɗu: waɗanda suka riƙe su ba mu labari

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Yara sun kai biyar, Corolla ta yi mana kaɗan. Duk sallah muna zuwa ƙauyenmu can bayan Gaidam, kuma inda kwalta ta ƙare rairayi ne zalla. Ina tsakanin Highlander da Prado 'yan Kwatano. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Alhajin Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Kafin ka biya ko sisi, sa bakanikenka ya shiga ƙarƙashinta. Highlander da yawa ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Wasu kuma masu jan huɗun ne, amma an cire musu farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, saboda ta fara kuka mai ita ya ƙi gyarawa. Irin wannan na saya. Wata takwas ina taƙama da jif, sai ranar da na kafe a laka a hanyar gona. Yara na turawa, na leƙa na ga tayoyin baya ko motsi ba sa yi.

Ɗan Yusufari: Malam, in rairayi ne irin namu, Prado ce maganarka. Highlander ba ta da ƙaramar giyar jan ƙafa huɗu mai ƙara ƙarfi, wato L, kuma cikinta bai da tsayi sosai. Amma ko Prado sai ka san hannunta. Kafin ka sauka daga kwalta, rage iskar taya. Ni daga 32 nake saukewa zuwa 18 a ma'aunin iskar taya, tayar ta baje ta hau kan rairayin maimakon ta haƙa rami. Idan ka ji ta fara nutsewa, ɗaga ƙafarka daga totur. Baƙi a nan suke kuskure, su yi ta takawa har cikin motar ya zauna a ƙasa, daga nan kuma sai shebur da jama'ar gari. L ba a shigarta a guje: tsaya cak, ka sa giya a N, sannan ka shiga. Ka sayi ɗan famfon da ake jonawa a mota, domin in ka dawo kwalta ba lallai ka samu mai faci kusa ba, kuma gudu da taya mai ƙarancin iska shi ke fasa ta.

Maman Hanif: Ku maza duk inji kuke kallo. Tamu mai kujera bakwai ce, to amma da an buɗe kujerun can baya, but ɗin ya tafi. Akwati biyu da kular abinci, shi ke nan. Buhun gero in za mu dawo, sai saman mota.

Baban Ummi: Hajiya kin taɓo inda ban yi tunani ba. Mai fa?

Direban Gembu: Yallaɓai, tana sha. Tawa mai injin lita 4.0 ce, silinda shida, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na daina kai yara makaranta da ita. Ƙaramar motar uwargida ke zirga-zirgar gari, ita kuwa sai hawan Mambila. A gangaren nan da giya nake riƙe ta, ba da birki ba, don jan ƙafa huɗu ba ya ƙara wa birki komai, ga nauyi, ga tsayi da ke sa ta kwanta a kwana.

Alhajin Ƙofar Ruwa: Na manta taya. Huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. Kada ka sa sabuwa ɗaya cikin tsofaffi uku. Sannan ban da baƙin mai, akwai man akzil, wato man giyar da ke juya tayoyi, na gaba da na baya, da na akwatin da ke raba ƙarfi a tsakiya. Yawanci ba wanda ke tuna su sai sun fara gurnani.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Asabar zan je da bakanike mu duba wata Prado. Ɗan Yusufari, wane irin famfo kake amfani da shi, na wajen kunna sigari ko mai kama kan batir?

Ɗan Yusufari: Mai kama batir. Na wajen kunna sigarin fis yake ƙonawa kafin ka gama taya ta biyu.