Sulallan furuf: a kai tantancewa, a ajiye, ko a sayar?

Mai Tambaya: Salama alaikum 'yan zaure. Ina da Silver Eagle (sulallan azurfa na Amurka) furuf, wato bugu na musamman mai sheƙi don masu tarawa, guda 14, daga 2010 zuwa sama, duk a cikin akwatinsu da takardar shaida, sai 1995-W (bugun 1995 mai harafin W) guda ɗaya. A tura NGC, kamfanin da ke tantance sulalla ya ba su maki, ko a bar su haka?

Baban Azurfa: Wa alaikumussalam. 1995-W kaɗai za ka tura. Guda 30,125 aka buga, kuma a cikin saitin zinariya aka sayar da ita, shi ya sa jabunta ya yi yawa. Kafin ka tura, auna: giram 31.1, faɗi milimita 40.6. Sauran na 2010 zuwa sama an buga su da yawa. In suka fito PF69, wato maki 69 cikin 70, abin da za a ba ka bai wuce na wadda ba a tantance ba sosai, ga kuɗin aiki da inshora da aikawa. Riba tana PF70, kuma ba kowace ke samu ba.

Ɗan Kurmi: Ko ka kawo kasuwa a ɗora a sikeli 😂

Hajiya Sulalla: Ɗan Kurmi, ka ji tsoron Allah. Maƙeri nauyin azurfa yake saye, ruwansa da harafin W?

Malam Furuf: Abin da ke kashe maki shi ne hannu. Fuskar furuf kamar madubi take, ko da tsumman auduga ka goge, sai ta yi siraran zane da ake gani in an karkata ta ƙarƙashin fitila. Da zarar masu tantancewa sun ga an wanke, ba maki, sai su rubuta "cleaned" a jikin robar da suke rufe ta a ciki, farashi ya zube. Kada ka fitar da ita daga kwansonta, in ya zama dole riƙe ta gefe da safar hannu. Ledar PVC mai laushi kuma tana barin kore mai danƙo. Asiton zalla yana cire shi, jiƙawa kawai, ban da gugawa. Farin tabon nan mai kama da madara ba ya fita, kuma yakan bullo ko bayan an rufe ta a roba. Ka sa silika jel mai tsotse danshi a wurin ajiya, musamman da damina.

Baban Azurfa: PCGS, wani kamfanin tantancewar, suna rubuta PR, NGC PF, ma'auni ɗaya ne, 1 zuwa 70.

Liman Ƙarami: Wa ya tuna zakka? Nisabin azurfa giram 595, wato 20 daga cikinsu sun haura.

Ɗan Kurmi: Shi 15 gare shi Malam, ya tsira.

Liman Ƙarami: In yana da wasu kuɗin a haɗa, bai tsira ba. In kuma don kasuwanci ya ajiye, da farashin kasuwa ake lissafi.

Mai Tambaya: To 14 ɗin fa, in sayar ko in riƙe?

Hajiya Sulalla: Duba farashin da aka riga aka sayar a eBay, ba wanda ake nema ba. Kuma kada akwati da takarda su ɓata, masu saye suna rage kuɗi in babu su.